RANA A WAJE, DUHU A ƊAKI: Darasin wata gasar duniya ga maginan Adar da Majiya

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Madawa da tsakar rana cikin watan Afrilu ya san cewa in akwai abin da Allah ya hore wa wannan yanki ba da mudu ba, to rana ce. Mutum ba ya iya ɗaga ido sama, ƙasa kanta ƙyalli take yi, jaki da akuya kowa na neman gindin bango. To amma da zarar ka sa kai cikin wani kanti, ko wani biro na gwamnati, ko ajin ƴan lakwal, sai ka tsaya cik a bakin ƙofa har idonka ya saba, domin ciki duhu ne. Mai kanti ya kunna ƙwan lantarki in akwai wuta, in babu ya haska fitilar salula ya lalubo maka abin da ka zo saye. Ma'aikaci ya jawo teburinsa bakin ƙofa. Yaron da ke zaune a bayan aji kuwa sai ya ƙanƙance ido yana hangen allo, in ya gaza ya kwafi abin da na kusa da shi ya rubuta, daidai ne ko kuskure.

Mun saba da wannan hali har mun daina ganin sa abin mamaki. Alhali kuwa a wasu ƙasashe, yadda za a shigo da hasken rana cikin ɗaki ilimi ne da ake karantarwa a jami'a, har ana gasa a kansa tsakanin ɗaliban duniya. Wannan gasa ce muke son mu gabatar wa masu karatu a wannan mako, sa'an nan mu duba abin da ya shafe mu a cikinta, mu mutanen gundumomin Madawa da Buza da Keita.

Gasar da ake kira Hasken Gobe

A ƙasar Danmak, can arewacin Turai, akwai wani kamfani mai suna VELUX, wanda wani injiniya, Villum Kann Rasmussen, ya kafa a shekarar 1941. Sana'ar kamfanin ita ce ƙera tagogin da ake dasawa a rufin ɗaki. Sunan ma daga kalmomi biyu aka harhaɗa shi, ta farko tana nufin shigar iska, ta biyu kuma haske ke nan a harshen Latin. A shekarar 2004 kamfanin ya buɗe wata gasa ta ɗalibai masu koyon zanen gine-gine, wadda ake yi sau ɗaya cikin shekaru biyu. Daga 2004 zuwa 2024 an yi ta sau 11, kuma takenta shi ne Hasken Gobe. Ana shirya ta da haɗin gwiwar ƙungiyar masu zanen gine-gine ta duniya, wato UIA, wadda aka kafa a birnin Lozan na ƙasar Suwis a 1948.

Ɗalibi ba ya shiga shi kaɗai da ka. Sai wani malami daga makarantarsa ya tsaya masa, kuma in an ci kyauta malamin ma yana da rabonsa. Daga shekarar 2016 aka kasa gasar gida biyu. Kashi na farko ya shafi hasken rana a cikin gini, kamar makaranta ko gidan kwana ko likita. Kashi na biyu bincike ne a kan hasken kansa, yadda yake tafiya da yadda za a sarrafa shi. Aka kuma raba duniya yankuna biyar, Afirka tana yanki guda mai zaman kansa. Ke nan ɗalibin Afirka yana fara karawa ne da ƴan uwansa na Afirka, wanda ya yi zarra a cikinsu shi ke zuwa gaban alƙalai ya kara da zakarun sauran yankuna.

Ba a ɓoye yake ba, mai sayar da taga yana da riba in duniya ta so haske. Amma wannan bai rage nauyin tambayar da gasar take yi ba: yaya za a yi gini ya wadatu da hasken da Allah ya ba da kyauta, ba sai an kunna fitila da rana tsaka ba?

Ciwonsu daban, namu daban

Kafin mu ari wani abu daga Turawa, ya kamata mu san cewa ciwonmu da nasu ba ɗaya ba ne. A Kopenhagen, babban birnin Danmak, yini a ƙarshen watan Disamba wajen awa 7 ne kawai, kuma ko da tsakar rana, rana ba ta ɗagawa sama da digiri 11 daga doron ƙasa, kamar dai hantsinmu na fari. Mutumin can yunwar rana yake yi, shi ya sa yake huda rufi ya sa gilashi. A Madawa da Buza da Keita kuwa, waɗanda ke tsakanin digiri 14 da 15 arewa da tsakiyar duniya, yini mafi gajarta ya haura awa 11, mafi tsawo kuma yana kusan awa 13. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa.

Masana suna auna haske da wani ma'auni mai suna lukus. Rana tsaka a fili, in gari ya yi garau, hasken yana kai lukus 100,000. Abin da ido ke bukata don karatu da rubutu a aji ko a biro kuwa, bisa ƙa'idar ƙasashen Turai, tsakanin lukus 300 ne da 500. Wato ko kashi ɗaya cikin 200 na hasken waje ya shigo ɗaki, ya wadatar. Matsalar ita ce hasken rana ba ya tafiya shi kaɗai, da zafi yake zuwa. Kowane murabba'in mita da rana ta faɗa wa kai tsaye da tsakar rana yana karɓar ƙarfin da ya kai wat 1,000, daidai da dutsen guga na lantarki. Wanda ya cire fallen kwano ɗaya ya sa na roba mai haske a rufin kantinsa, to ya sani ya rataya dutsen guga bisa kansa, ga shi kuma ba ya iya kashe shi sai magariba.

Saboda haka aikin maginin ƙasarmu ya fi na Bature wuya: ya shigo da haske, ya bar rana a waje.

Hanyar rana a samaniyar Adar

Wanda zai yi wannan aiki sai ya san hanyar rana, kamar yadda manomi ya san hanyar hadari. A yankinmu rana tana tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta. A waɗannan ranaku, in ka kafa sanda a tsaye da tsakar rana, za ka ga ba ta da inuwa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu rana tana karkata arewa kaɗan. Sauran watannin shekara kuwa ta kudu take bi, kuma a ƙarshen Disamba take yin ƙasa sosai, ta tsaya wajen digiri 52 da tsakar rana.

Ga amfanin sanin wannan. Tun da rana tana sama ƙwarai lokacin da take fuskantar bangon kudu ko na arewa, tare ta abu ne mai sauƙi. In rufi ya zarce bango da mita ɗaya ta kudu, ko a Disamba inuwarsa tana sauka mita ɗaya da santimita 30 a jikin bangon da tsakar rana, a sauran watanni kuma ta fi haka. Ta arewa ɗan baki kaɗan ya isa. Taga da ke ƙarƙashin wannan inuwa tana shan hasken sararin sama da wanda ƙasa ke mayarwa, rana kuwa ba ta leƙa ta.

Gabas da yamma su ne masu wuyar sha'ani. Da hantsi da la'asar rana tana ƙasa-ƙasa, tana harbin bango a kwance, babu tsawon rufin da zai tare ta. Ranar la'asar ita ce ke mai da ɗakin da tagarsa ke duban yamma tanda. Tagar gabas kuma, ban da ranar safe, ita ke karɓar dukan ruwan damina, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa, abin da kowane magini na gargajiya ya sani tun yana yaron magini. Daɗin daɗawa, iskar damina mai sanyi daga kudu maso yamma take busowa. Duk waɗannan dalilai wuri ɗaya suka nufa: a shimfiɗa tsawon gini daga gabas zuwa yamma, tagogi su dubi kudu da arewa, bangon gabas da na yamma su zama gajeru kuma toshe. Wannan ba ya ƙara ko dala ɗaya a kuɗin gini. Ranar da ake ja igiya a fili ake yanke shi, in an kuskure a ranar kuwa, sai haƙuri har ginin ya tsufa.

Me ya sa kakanni suka ƙanƙanta taga?

Wani zai ce ai ɗakunan kakanninmu ma duhu gare su. Gaskiya ne, amma da dalili. Bangon laka mai kauri yana shanye zafin rana sannu a hankali, ba ya sakin sa ciki sai bayan sa'o'i masu yawa. Ƴar taga da ake bari can sama kusa da rufi aikinta fitar da iska mai zafi da hayaƙi ne. Ɗaki a wancan zamani wurin kwana ne da ajiya. Aikin da ke bukatar ido, kamar saƙar tabarmar kaba da aka san Madawa da ita, da ɗinki, da jima, da karatun allo, a tsakar gida ake yin sa, ko a rumfa, ko a bakin zaure, ko a gindin itace. Rumfar zana da asabari kuwa su ne matatar haske ta asali: suna karya ƙarfin rana, su bar haske mai laushi da iska su wuce.

Abin da ya sauya shi ne zaman mutane ya koma cikin ɗaki. Lakwal, da biro, da kanti, da ɗakin haihuwa, da ɗakin shan magani, duk wurare ne da ake yini ciki ana aikin ido. Sai muka ɗauko bulon siminti marar kauri da rufin kwano, muka haɗa da ƴar tagar kakanni, ko kuma tagar ƙarfe wadda in an rufe ta saboda ƙurar hunturu sai ɗaki ya koma dare. Sanyin ginin laka ya kuɓuce mana, hasken ginin zamani kuma bai zo hannu ba. An yi ba wan ba ƙanen.

Falke Barmu na Yama

Ba sai mun je Turai neman wanda ya san sirrin laka da rana ba. A nan jahar Tawa, a garin Yama na gundumar Illela, dattawan gari sun ɗora wa wani magini ɗan garin, Falke Barmu, aikin gina masallacin Juma'a a shekarar 1962. Da fari gini ne mai sauƙi, ginshiƙai da rufin itace da laka. A 1975, da rufin ya bukaci gyara, sai ya sake shi bisa bakan gizo, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Tsakanin 1978 da 1982 ya tayar da hasumiyoyi huɗu a kusurwoyin masallacin, kowace da siffarta. Jama'ar gari ne suka yi aikin da hannunsu, wani ya kawo ruwa, wani ya kwaɓa laka, wani ya ba da itace ko hatsi.

A shekarar 1986 wannan masallaci ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan wannan fanni a duniya, aka yi bikin a birnin Marakesh na Maroko. Falke Barmu bai zauna ajin wata jami'a ba, amma masu digiri sun zo daga nesa suna auna aikinsa. Shi ma ba daga sama ya faɗo ba. Gadon magina ne irin na Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da kuma na masu gina manyan rumbunan laka da matafiyi ke gani a ƙauyukan Adar, waɗanda ke tsaye ba ginshiƙi ba azara.

Dandaji: tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu

Ba nisa da Yama akwai garin Dandaji. Tsohon masallacin garin, na laka ne irin salon na Yama, ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Maimakon a rushe shi, sai wasu mata biyu masu zanen gine-gine, Mariam Isufu ƴar Nijar, wadda aka fi sani da Mariam Kamara, da Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka tsara a gyara shi ya koma ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa. Aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. An gama aikin a 2018. Da jar ƙasar wurin aka yi tubalin, ana matse ta da inji, kuma magina na gargajiya sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masu ilimin zamani. Rufin yana da tsawo, kafofin haske da iska dogaye ne tsukakku, ta yadda ciki ke da haske ba tare da rana ta mamaye shi ba. Wannan tsari ya ci lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim a yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, ya kuma ci ta azurfa a duniya baki ɗaya a 2018.

Ƴan kasuwa su lura da wannan: a garin dai, Mariam Kamara ta tsara kasuwa wadda aka yi wa laimomin ƙarfe masu launi, wasu sama wasu ƙasa, kamar ganyen itace. Inuwa tana sauka kan mai saye da mai sayarwa, haske da iska suna ratsawa ta tsakanin laimomin. Matar da ta yi wannan ta fara ne da karatun kwamfuta a Amurka kafin ta koma zanen gini, ta buɗe ma'aikatarta a Yamai a 2014, a 2022 kuma aka naɗa ta farfesa a babbar makarantar fasaha ta Zurik a ƙasar Suwis. Gani ya kori ji: daga Madawa ko Keita zuwa Dandaji tafiyar yini guda ce a je a komo.

Itace, inuwa da rufi

Maganar haske ba ta rabuwa da maganar itace. Rufin soro na gargajiya yana cin azara da gumagumai, ga shi fari na shekarun 1973 da 1984 ya ragargaza dazuzzukan yankin. Ƙarancin itacen rufi yana cikin abin da ya tura mutane ga kwano. Don magance wannan ne wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta fara koyar da gini marar itace a Shikal, cikin ƙasar Filinge, a 1980, bisa dabarar mutanen Nuba na kudancin Masar, inda ake rufa ɗaki da tubalin laka zalla, a yi shi kamar baka ko tulluwa. Irin wannan rufi yana ɗaga tsakiyar ɗaki sama, ya ba da wurin buɗe taga can bisa, inda haske ke shiga ya bazu, iska mai zafi kuma ta fita.

A ɓangaren itace kuwa yankinmu yana da abin nunawa. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, da taimakon ƙungiyar CARE, don kare gonaki daga iska, daga baya har manoma suka riƙa sassabe su suna samun itacen gini. Furojen Keita, wanda ya soma a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya da haɗin gwiwar hukumomin FAO da PAM, ya dasa miliyoyin itatuwa a kan duwatsu da fako, akasarin masu aikin kuma mata ne. Mutanen da suka tare iskar hamada da layin bedi ba za su kasa tare ranar la'asar da shi ba. Bedi uku ko huɗu a yammacin aji sun fi kowane labule, kuma ba a biyan su albashi.

Ɗalibin Gando

Ga ɗalibanmu kuma, misalin da ya fi kusa da su yana Burkina Faso. Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando, yana ɗalibi a birnin Barlin na Jamus ya tara gudummawa ya gina wa ƙauyensu makarantar firamare, aka gama a 2001. Bangon tubalin ƙasa ne. Rufin biyu ne: na ƙasa na tubali, na sama na kwano wanda aka ɗage bisa ƙarafa ya zarce bango sosai, iska na wucewa tsakaninsu. Zafin kwano ba ya sauka kan yara, inuwarsa kuma tana kare tagogi. A ɗakin karatun da ya tsara daga baya, tukwanen ƙasa aka yanka aka jera cikin rufi, suka zama kafofin haske da iska. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ita ce ƙololuwa a wannan sana'a. Aikin ɗalibi ne ya kai shi nan.

Abin da ke gabanmu

Dalilin da ya sa wannan magana ta wuce hira shi ne ƙasarmu tana da dubban azuzuwa da za ta gina. Ba a manta ba, ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, irin wannan masifa ta auku a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su. Bayan haka gwamnati ta hana sa ƙananan yara na share fage cikin azuzuwan zana, kuma hukumomin wancan lokaci sun ƙiyasta cewa irin waɗannan azuzuwa sun kai 36,000 a faɗin ƙasa. Kowane aji da aka gina don maye gurbinsu zai yi shekaru talatin ko arba'in yara na zama ciki. In an gina shi da duhu da zafi, to yaran da ba a ma haifa ba su za su biya.

Kada kuma a dogara ga lantarki. Mutum ɗaya cikin biyar ne, ko kusa da haka, ke da wuta a gidansa a Nijar, a karkara kuwa abin bai kai ko kusa ba. An buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, abin a yaba ne. Amma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba ta dawo ba sai cikin 2024. Biro mai taga ta gari ya ci gaba da aiki, wanda ya dogara ga ƙwan lantarki ya koma zaman jira.

Shawara ga mai niyyar gini

Ɗan kasuwar da zai gina kanti ko sito, da ma'aikacin da zai sa hannu a kan takardar kwangila, ga abubuwan dubawa. Na farko fuskar gini, kamar yadda muka bayyana. Na biyu tsayin taga: haske yana shiga ɗaki kimanin ninki biyu na tsayin saman taga daga daɓe. Taga da samanta ke mita biyu da rabi tana haskaka wajen mita biyar. Ajin da aka saba ginawa, mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7, ke nan ba ya wadatuwa da tagogin gefe ɗaya, sai an buɗe kudu da arewa duka. Na uku, a bar wata ƴar taga ta gilashi ko roba mai kauri a saman tagar ƙarfe, ƙarƙashin inuwar rufi, domin ranar da aka rufe saboda ƙura haske ya samu hanya. Na huɗu farar ƙasa: farin bango da farin silin suna mayar da mafi yawan hasken da ya faɗa musu, jar laka da siminti tsirara kuwa shanye shi suke yi. Buhun farar ƙasa ya fi ƙwan lantarki goma. Na biyar, kada a kafa allo a bangon da ke da taga, domin ido ba ya iya karanta baƙin allo alhali haske na dukan sa daga gefen allon.

Wanda kuma ya riga ya gina kantin kwano marar taga, akwai dabarar wani makanike ɗan Barazil, Alfredo Moser, wadda ya ƙirƙiro a 2002. Ana cika gorar roba mai haske da ruwa, a ɗiga ruwan jabel kaɗan don kada gansakuka ta fito, a huda kwano daidai girmanta, a soka ta rabi waje rabi ciki, a liƙe gefen da kyau saboda damina. Ruwan yana watsa hasken ko'ina cikin ɗaki kamar ƙwai mai wat 40 zuwa 60, tun da kuma kafar ƙarama ce, zafin da ke biyo ta kaɗan ne. Daga 2011 dabarar ta bazu a ƙasar Filifin da wasu ƙasashe masu yawa.

Kira ga ɗalibai da magabata

Ƴaƴanmu da ke karatun zanen gini a makarantar EAMAU ta Lome, wadda ƙasashen Afirka suka haɗu suka kafa kuma Nijar na ciki, da waɗanda ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da sauran wurare, su sani cewa abin shiga gasar duniya yana ƙofar gidansu. Ɗalibin da ya zo hutu Tamaske ko Bangi ko Karofane, ya auna hasken ajin da ya yi karatu ciki, ya zauna da tsofaffin magina da masu saƙar kaba da masu ginin tukwane, ya fito da ajin da dutsen Adar da laka da tabarma za su gina, mai haske a hunturu, mai sanyi a bazara, wanda wuta ba ta ci, ya riƙe amsar tambayar da ɗalibin Kopenhagen bai taɓa yi wa kansa ba. Ko ya ci kyauta ko bai ci ba, zanen yana da masu jiran sa a gida.

Su kuma shugabannin gundumomi da na ƙananan hukumomi, da jami'an ma'aikatar ilimi da ta gine-gine, muna roƙon su sa sharaɗin fuskar gini da girman taga da faɗin inuwa cikin takardun kwangila, kamar yadda ake sa adadin buhunan siminti, kuma ranar karɓar aiki a shiga ajin da tsakar rana, a zauna bencin baya, a dubi allo. Attajiranmu na albasa da na sufuri, waɗanda ba su gaza ba wajen gina masallatai da azuzuwa saboda Allah, me zai hana su haɗa ƴar kyauta ta shekara-shekara ga ɗalibi ko maginin da ya fito da aji mafi haske da sanyi a jahar Tawa? Dattawan Yama ba su jira kowa ba a 1962.

Hausawa sun ce in rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta. Gaskiya ne, amma mita ɗaya na rufi a wurin da ya dace yana kare ta, ya kuma bar wa yaron bencin baya hasken da zai ga allo. Allah ya ba magabatanmu ikon dubawa, mu kuma ya sa mu dace.